Yadda Ake Gwada Laburaren Kod a Jikin Manhajojin da Suka Dogara da Shi Kafin a Sake Shi

Duk ƙungiyar masu rubuta manhaja da ta ɗan kwana biyu tana aiki, ko da mutum huɗu ne a shago ɗaya, za ka tarar tana da wani kod da kowa ke ɗiba daga ciki. Mu a nan Zariya, namu ɗan laburare ne na Python wanda aikinsa shi ne magana da sabar (wato kwamfutar da ke amsa buƙatu ta intanet) kamfanin tura saƙon waya da ta kamfanin karɓar kuɗi. Manhajar kuɗin makaranta da muka yi wa wata makaranta mai zaman kanta a Samaru da shi take aiki, haka ta wani kantin magani a Sabon Gari, haka ta wata ƙungiyar adashin 'yan kasuwa a Tudun Wada. An ware shi ne don a gyara abu sau ɗaya kowa ya amfana. To amma ta wannan hanyar ce kuma ake ɓata abu sau ɗaya kowa ya kwana da matsala.

Laburaren yana da nasa gwaje-gwajen, kuma kullum suna cewa lafiya lau. Sai dai wanda ya rubuta laburaren shi ne ya rubuta su, saboda haka abin da suke dubawa shi ne abin da shi yake ganin ya yi alkawari. Abin da masu amfani suka riƙe a matsayin alkawari daban ne. Wani injiniya, Hyrum Wright, lokacin da yake aiki a Google, ya lura da wannan har ake kiran abin da sunansa: idan masu amfani da kod ɗinka suka yi yawa, duk wani hali da yake nunawa, ko ka rubuta shi a takarda ko ba ka rubuta ba, akwai wanda ya jingina da shi. Tela yana iya auna riga a kan tebur komai ya yi daidai, amma ba a cewa ta zauna sai mai ita ya sa ya ɗaga hannu. Abin da zan nuna a nan ke nan: yadda za ka ɗauki sabuwar sigar laburarenka ka sa wa manhajojin da ke amfani da shi, ka gudanar da nasu gwaje-gwajen, tun kafin ka sake ta.

Kada ka ɗauka matsalar ƙananan ƙungiyoyi ce. A watan Fabrairun 2022 aka saki MarkupSafe 2.1.0, aka cire wani ɗan aiki mai suna soft_unicode. Tsofaffin sigogin Jinja2, laburaren da Flask ya dogara da shi, suna kiransa, sai manhajojin Flask masu yawa suka ƙi ko tashi. A watan Mayun 2024 kuma requests 2.32.0 ya fito da wani gyaran tsaro da ya taɓa yadda ake buɗe hanyar sadarwa a ciki, laburaren Docker na Python ya tsaya cak yana cewa bai san http+docker ba, sai da masu Docker suka fitar da 7.1.0. Manyan ayyuka sun daɗe da ɗaukar mataki a kan haka. Masu yaren Rust suna da Crater, wanda ke gwada sabon canji a kan ɗimbin kunshin da ke crates.io. Masu Node.js suna da CITGM mai irin wannan aikin. A Debian, kunshi ba ya wucewa daga unstable zuwa testing idan ya karya gwajin autopkgtest na waɗanda suka dogara da shi. CRAN na yaren R yana son mai kunshi ya duba na masu dogaro da shi kafin ya miƙa sabuwar siga. Shi kuwa urllib3, cikin gwajinsa na yau da kullum akwai gudanar da gwaje-gwajen requests da botocore. Ba ka buƙatar injinan da suke da su. Dabarar ɗaya ce, kuma kwamfutar cinya ta isa a fara.

Fara da sanin su wa ke amfani da kai

Ka buɗe fayil ɗaya a cikin ma'ajiyar laburaren, ka jera kowace manhaja: inda kod ɗinta yake, umarnin da ke gudanar da gwajinta, da wanda za a kira idan ta faɗi. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Ka bincika requirements.txt ko package.json ko composer.json na duk ayyukan ƙungiyar, domin sau da yawa akwai wani ɗan aiki da ɗalibin da ya zo koyon aiki ya rubuta bara, yana can yana tura rahoto duk wata, kowa ya manta da shi.

A kowace manhaja, siga biyu za ka gwada. Akwai babban reshen da ake aiki a kai yau, akwai kuma sigar da take hannun abokin ciniki. A wajenmu tazarar da ke tsakanin biyun tana da faɗi. Kwamfutar da ke kan kantar kantin magani ba kowane wata ake sabunta ta ba, sai an je da ƙafa, sai an samu lokacin da babu layi. Ranar da aka je kuwa, mai yiwuwa laburaren kaɗai za a sabunta saboda wani gyara na gaggawa. Idan tsohuwar sigar manhajar ba ta jure sabon laburaren ba, a gaban masu jiran magani za a gane.

Gina kunshin na gaske, ka tabbatar shi ne ya shiga

A nan ne mutane suka fi zamewa, don haka zan ɗan tsaya.

Da farko, kada ka yi gwajin da pip install -e, ko npm link ga masu JavaScript. Waɗannan suna nuna wa manhajar babban fayil ɗin da kake aiki a ciki ne kai tsaye, saboda haka duk fayil ɗin da ka manta ba ka sa a cikin kunshin ba, za ta gan shi, gwaji ya wuce, ranar saki a neme shi a rasa. Ka gina ainihin abin da za ka raba wa mutane: python -m build zai ba ka fayil ɗin wheel, npm pack zai ba ka tgz. Masu Go suna da umarnin replace a go.mod, masu PHP suna iya nuna wa Composer ma'ajiya ta path. Ka ba sabuwar sigar lamba ta daban, misali 1.5.0rc1, don kada ta rikice da tsohuwa.

Ga yadda nake jera abin, a ce sunan laburaren sako:

python -m venv gwaji
. gwaji/bin/activate
pip install -r requirements.txt
pip freeze > kafin.txt
pytest --junitxml=tsohuwa.xml
pip install ../sako/dist/sako-1.5.0rc1-py3-none-any.whl
pip freeze > bayan.txt
pip check
python -c "import sako; print(sako.__version__, sako.__file__)"
pytest --junitxml=sabuwa.xml

Lura da tsarin. Buƙatun manhajar ake fara sakawa, sannan laburaren. Idan ka juya, kuma fayil ɗinsu ya ƙulle sako==1.4.2, pip zai cire sabon naka ya mayar da tsohon ba tare da hayaniya ba, komai ya wuce, ka yi ta murna alhali ba ka gwada komai ba. Layin da ke buga lambar siga da wurin fayil ɗin shi ne shaidarka. A injin gwaji ma, wato kwamfutar da ke gudanar da gwaje-gwaje da kanta, kada ka tsaya ga bugawa, ka sa aikin ya tsaya gaba ɗaya idan lambar ba ita ce wadda ake sa rai ba. Haka kuma idan manhajar da tox ko nox take gudanar da gwajinta, ka sani su nasu muhallin suke ginawa, ba sa ganin abin da ka saka a waje, sai ka miƙa musu fayil ɗin a cikin nasu tsarin.

Fayiloli biyun nan na pip freeze ma suna da amfani. Ka kwatanta su da diff. Abin da ya kamata ya canza shi ne laburarenka kaɗai, sai abin da shi da kansa ya nema. Idan ka ga requests ko wani abu ya motsa, to abu biyu ka canza a lokaci ɗaya, kuma ba za ka san wanne ya jawo faɗuwa ba. Shi ya sa ba na son --force-reinstall a wannan wurin, domin yana sake janyo duk abubuwan dogaro, sai dai in an haɗa shi da --no-deps.

Gwaji sau biyu, sannan kwatanci

Ka ga na gudanar da pytest sau biyu. Na farkon, a kan tsohuwar siga, shi ne ma'auni, kuma ban yarda a tsallake shi ba ko ana sauri. Kusan kowace manhaja tana da gwaji ɗaya ko biyu da suka daɗe da lalacewa. Idan ba ka san su ba tun farko, za ka ɓata yini kana neman laifin da ba naka ba. Wanda ya faɗi da tsohuwa ya faɗi da sabuwa, ka sanar da masu manhajar ka wuce. Wanda ya wuce da tsohuwa ya faɗi da sabuwa, shi ne naka. Ka sake gudanar da shi shi kaɗai don ka tabbatar ba irin gwajin nan ba ne da ke faɗuwa yau ya tashi gobe saboda intanet ko agogo. Ka kuma duba adadin gwaje-gwajen da aka gudanar a zagaye biyun. Idan na biyun ya ragu, wataƙila wani fayil ya kasa buɗewa ne aka tsallake duk abin da ke cikinsa.

Bari in nuna irin abin da wannan kwatanci yake kamawa. Laburarenmu, tun asali, yana mayar da ɗ zuwa d, ƙ zuwa k, ɓ zuwa b kafin ya tura saƙo. Ba a rubuta haka a ko'ina ba, hali ne kawai da ya zo da shi. Wani abokin aikinmu ya ga bai dace a riƙa ɓata wa mutane suna ba, wanda sunansa Ɗanladi a rubuta masa Danladi, sai ya gyara, haruffa masu lanƙwasa suka riƙa tafiya yadda suke. Gyara ne mai kyau, ni ma ina goyon bayansa, kuma gwajin laburaren duk ya wuce. Da aka sa shi a jikin manhajar makaranta, gwaji ɗaya ya faɗi: wanda ke tabbatar da cewa saƙon tunatar da iyaye kuɗin zango bai wuce shafi ɗaya ba.

Dalilin yana cikin yadda saƙon waya yake aiki. Jerin haruffan GSM na asali yana ɗaukar harafi 160 a shafi ɗaya, amma babu ɗ, ƙ, ɓ a cikinsa. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, duk saƙon yana komawa tsarin UCS-2, inda shafi ɗaya harafi 70 ne kawai, in kuma an haɗa shafuka kowanne 67. Ke nan saƙo mai harafi 150 da ke tafiya a shafi ɗaya ya koma uku, kuɗinsa ya ninka uku, a makarantar da ke tura wa ɗaruruwan iyaye a farkon kowane zango. Abokin namu ya duba ya ce, "Malam, ai ni ban taɓa kuɗi ba, suna kawai na gyara." Na ce masa gaskiyarsa ne, shi ya sa ma gwajinsa ba zai taɓa ganin abin ba, sai na wanda ke biyan kuɗin. Abin da muka yi shi ne muka mai da shi zaɓi: tsohon halin ya ci gaba da zama na asali, duk manhajar da ke son haruffan su tafi daidai ta nema da kanta. Ƙungiyar adashi ta nema nan take, domin saƙonninta gajeru ne.

Idan nasu gwajin ba ya taɓa laburaren fa?

Wannan tambayar tana da nauyi musamman ga laburaren da ke magana da sabar. Babu mai son gwajinsa ya riƙa tura saƙo na gaske, saboda haka yawancin manhajoji suna rufe laburaren gaba ɗaya da na bogi ta hanyar mock.patch. Idan haka ne, ko ka goge rabin laburaren gwajinsu zai wuce. Ka buɗe fayilolin gwajinsu ka duba kafin ka amince da sakamakon.

Mafi sauƙin gyara shi ne su ƙara autospec=True, ta yadda idan ka canza sunan aiki ko abin da yake karɓa, na bogin zai yi ƙorafi. Wanda ya fi wannan shi ne a saukar da bogin ƙasa: a bar laburaren ya yi aikinsa na gaske, a tare shi a bakin intanet da laburare irin su responses, ko kuma kai mai laburaren ka ba su ƙaramar sabar kwaikwayo da ke amsawa kamar ta kamfanin. Sannan a samu 'yan gwaje-gwaje kaɗan da ke zuwa har wajen kamfanin ta hanyar gwajinsa. Paystack, alal misali, yana ba da mabuɗin gwaji mai farawa da sk_test_, kuma da kobo yake karɓar adadin kuɗi, ba da naira ba. Wurin da ake juya naira zuwa kobo yana cikin wuraren da nake so a gwada daga farko har ƙarshe, domin kuskure a nan ninki ɗari ne. Mabuɗin gaske kuwa kada ya kusanci injin gwaji ko da wasa. Ba ma so uba ya farka da tsakar dare ya ga saƙon bashin da ba a bin sa.

Wa zai gyara?

Faɗuwa iri uku ce. Ko dai kuskure ne a laburaren, ka gyara. Ko canji ne da ka yi da gangan. Ko kuma su ne suka miƙa hannu cikin abin da ba a ba su ba, irin ayyukan da sunansu ke farawa da ƙaramin layi a ƙasa. A na ukun nan ne rai yake so ya ce laifinsu ne, su suka sani. Ni ban ga amfanin wannan ba. Mai kantin magani bai san laifin wa ba ne, abin da ya sani shi ne rasit ya ƙi fita. Idan sun shiga ta taga, galibi don ba ka yi musu ƙofa ba ne. Ka yi musu hanyar da ta dace, ka tura musu gyaran da kanka, sannan ka rufe tagar.

Canjin ganganci kuwa a hankali ake yinsa. A siga ta farko ka ƙara sabuwar hanya, ka bar tsohuwa tana aiki tana fitar da DeprecationWarning. Ka gudanar da gwajinsu da -W error::DeprecationWarning, nan take za ka ga duk inda ake kiran tsohuwar. Sai kowa ya ƙaura, sannan ka cire ta a siga mai sabuwar lambar farko, daga 1 zuwa 2, kamar yadda ƙa'idar SemVer ta tanada. Gargaɗin shi kaɗai ba ya isa, domin soft_unicode ma sai da aka yi gargaɗi a kansa kafin a cire. Ka yi magana da mutanen baki da baki.

Wani lokaci dole gyaran laburare da na manhaja su tafi tare. OpenStack, wanda NASA da Rackspace suka fara a 2010, yana da laburare da yawa irin su python-novaclient da python-keystoneclient da na Oslo, waɗanda ayyuka kamar Horizon da Heat suka dogara da su. Injin gwajinsu, Zuul, yana karanta layin Depends-On a bayanin canji, sai ya haɗa canje-canjen ma'ajiyoyi daban-daban ya gwada su tare kafin ko ɗaya ya shiga. Suna kuma da fayil ɗin upper-constraints.txt da ke ƙulle sigar kowane laburare, sabuwa ba ta shiga sai ta ci gwaji. Mu da ba mu da Zuul, abin da muke yi shi ne mu ba reshen suna iri ɗaya a ma'ajiyoyin biyu, rubutun gwajin ya fara neman reshe mai wannan suna a manhajar, in babu ya koma babban reshe.

A mayar da shi aikin inji

Da hannu za ka fara, amma kada ka tsaya nan. Wutar lantarki da kuɗin data ba za su bar ka ka riƙa sauke abubuwan dogaron manhaja uku a duk canji ba, kuma duk abin da ke da wahala, ranar da aka matsu shi ake fara yarwa. A GitHub Actions, injin gwajin GitHub, ka yi matrix, wato jadawalin gwaji, kowace manhaja da kowace siga layi ɗaya, ka sa fail-fast: false don faɗuwar ɗaya kada ta katse sauran. Asusun kyauta yana da minti 2,000 a wata ga ma'ajiyoyin sirri, saboda haka ka raba: masu saurin gamawa su gudana a kowane canji, cikakken zagaye kuma da dare. Agogon cron na GitHub da lokacin UTC yake aiki, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, wato 0 1 * * * ƙarfe biyu na dare ne a Zariya. Idan ma'ajiyoyin na sirri ne, ka ba aikin mabuɗin karatu kaɗai.

Shin faɗuwar gwajin manhaja ta hana canjin laburare shiga? A kan sigar da ke hannun abokin ciniki, e, ta hana, domin ita ba ta motsi, duk abin da ya karye kai ka karya. A kan babban reshensu kuwa, a bar shi ya zama sanarwa, tunda su ma suna iya karya kansu da rana tsaka. Amma a ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa, alhakin duba sakamakon kowace safiya. Jan alama da ta kwana bakwai ba wanda ya taɓa ta, ido yana sabawa da ita.

Idan komai ya wuce, ka fara sakin 1.5.0rc1. Pip ba ya ɗaukar irin wannan siga da kansa sai an ce --pre ko an ambaci lambarta, don haka ba za ta faɗa wa kowa ba zato ba. Ka sa ta a manhajar da faɗuwarta ta fi sauƙin ɗauka, ta yi 'yan kwanaki. Mu ba ma sakin siga ranar Juma'a, ba ma yi a makon komawa makaranta, ba ma yi a jajiberin sallah lokacin da 'yan adashi ke kwasar kuɗinsu. Duk abin da gwajin wata manhaja ya kama kuma, kamar batun shafin saƙon nan, ka rubuta masa gwaji a cikin laburaren kansa, ka ƙara layi a takardar bayani cewa yanzu alkawari ne. Duk sabuwar manhajar da ta fara amfani da laburaren, a ranar ake ƙara ta a fayil ɗin jerin da kuma matrix, tare da sunan wanda za a kira.